Shekarar da Na Kwance Bajimi

Ku 'ya'yana, kun taso kuna jin cewa Baba Bawa ya tafi ya bar ni da rumfa a lokacin da na fi bukatarsa. Ban san wanda ya fara gaya muku haka ba, amma na san ni ne na yi shiru har maganar ta zauna. Yanzu hannuna ya daina riƙe tsinken walda ba tare da rawa ba, alƙalami dai yana iya riƙewa, don haka gara in gyara wannan magana tun ina da iko.

Abin ya faru ne a shekarar da aka ɗauke kujerar mulki daga Legas aka kawo ta nan. Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da Abuja a tsaye ba za ku gane yadda take a lokacin ba. Gari ne da aka gina kafin mutanensa su iso. Sai ka hau titi mai faɗi, kwalta baƙa wuluk, ka yi ta tafiya kai kaɗai da kekenka, can sai titin ya ƙare cak a bakin gonar doya. Da magariba fitilun hanya kan kama gaba ɗaya a kan titunan da babu kowa, ƙwari da jemagu ne kawai ke cin moriyarsu. Ni da na yi kiwon awaki a bayan ƙauyenmu Jiwa, na san sunan kowane rafi da aka rufe da siminti, sai in riƙa jin kamar ban gama farkawa daga barci ba. Manyan motoci suna ta shigowa daga kudu ɗauke da kabad-kabad na ƙarfe, da kujeru a kife ƙafafunsu na kallon sama, da fayil-fayil ɗaure da igiya. Wata rana a gabana igiyar wata mota ta tsinke, takardu suka tashi fari fat suka bazu a kan wata gonar dawa kamar balbelu, direban da wani mai hula suna ta bin su cikin kunyoyin gonar. Na daɗe a tsaye ina kallo. Na ce a raina, ashe gwamnatin ma takarda ce, iska na iya ɗaukarta.

Yaya Bawa ya girme ni da shekara shida. Shi ya fara barin gona, ya koyi walda a yadin wani kamfanin gini, sannan ya dawo Jiwa ya roƙi Baba, mahaifinmu, ya ba shi ni. Bai koya mini walda da farko ba, sai ya kai ni wajen wani mai naɗin wayar inji, ya ce in ya iya ƙona ƙarfe ni kuma in iya abin da ke ƙona shi. Da na ƙware muka kafa rumfa a Wuse, bayan kasuwa. Injin waldarmu mu muka haɗa shi da hannunmu. Tiransifoma ce kawai a cikin akwati: falle-fallen ƙarfe da aka jera aka ɗaure, da naɗin jar waya guda biyu, siririya mai karɓar wuta daga layi, da kakkaura mai fitar da ita zuwa tsinken walda. Yaya ya samo ƙarfen daga wata ƙonanniyar tiransifoma, ya ɗauko shi a ka. Ni na yi naɗin, kuma don in burge shi na ɗora kakkaurar wayar a kan siririyar, na matse su kamar uwa da goyonta, yadda duk ƙarfin da ya shiga zai fita babu ragi. Ranar da muka fara kunna shi ya yi wani gurnani da ya sa mai sayar da lemo a gefenmu ta tashi da farantinta. Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya dafa akwatin ya ce sunansa Bajimi.

Bajimi murya ɗaya gare shi. Babu inda za ka murɗa ya rage. A kan ƙarfe mai kauri, irin na manyan ƙofofi da ginshiƙai, babu kamarsa a duk layin, ƙarfe narkewa yake yi a gabansa kamar man shanu a rana. Shekara uku yana ciyar da gidaje biyu, nawa da na Yaya, har da aike zuwa Jiwa.

To a wannan shekara wani ɗan kwangila ya ba mu aikin da ya fi duk wanda muka taɓa samu: shingen baranda na benaye huɗu da aka gina wa ma'aikatan da za a kwaso daga Legas. Shi ya kawo ƙarfen, bututu ne mara kauri ko kaɗan. Da Bajimi ya taɓa shi sai ya huda. Yaya yana da hannu, wannan kowa ya shaida, sai ya riƙa yi ɗis-ɗis, ya taɓa ya ɗaga, ya taɓa ya ɗaga. Inda ya huje mu cike da fila, ƙullin nan na toshe rami, mu goge, mu shafa baƙin fenti, ya fito sumul. Kada ku ɗauka mayaudari ne. Ya yarda har zuciyarsa cewa hannunsa ya isa ya rufe abin da injin ya ɓata, kuma haka ake yi a ko'ina a lokacin, kowa sauri yake yi, ana cewa mutane na hanya.

Mun gama benaye biyu muna kan na uku, sai aka aiko a gyara sakatar wata ƙofa a bene na farko, wanda shi kaɗai mutane suka fara tarewa a ciki. Na hau hawa na uku. Matar gidan, Madam Rahila, 'yar Filato ce, mai buga tafireta a wata ma'aikata, ta daɗe a Legas har Hausarta ta gauraye. Kayanta na nan a cikin kwalaye ba ta gama kwancewa ba. A baranda na ga 'yarta, ba za ta wuce shekara huɗu ba, ta ɗora ƙafafu biyu a kan ƙarfen ƙasa na shingenmu, ta riƙe na sama, tana lilo tana ƙirga manyan motocin da ke wucewa can ƙasa.

"Oga mai walda," in ji Madam Rahila, "wannan ƙarfe zai riƙe ko? Yarinya nan ba ya jin magana, kullum yana nan wurin."

Na ce, "Zai riƙe, Madam."

Da ta ja yarinyar ciki don ta ba ta abinci, sai na ɗora ƙafata a inda ƙafafun yarinyar suka tashi, na danna. Ban ma sa ƙarfi sosai ba. Ya ce ƙas. Fentin ya tsage, fila ta zubo kamar ɓawon gyaɗa, na ga haɗin da kyau: ɗigo biyu ne kawai ke riƙe da shi, sauran wuta ta cinye. Na leƙa ƙasa, na ga rufin wata tasi mai kore da fari ƙarami kamar akwatin ashana. Na ɗaure wurin da waya, na kira ta na ce ta yafe mini, abin da na gaya mata ba gaskiya ba ne, ta kulle ƙofar barandar har in dawo. Ta dube ni ta dubi shingen, ta murɗa makulli ta sa shi a jakarta. Na bi sauran ƙofofin benen ɗaya bayan ɗaya ina faɗin haka.

Mahaifiyarku Ladi tana da cikinki a lokacin, Asabe. Na tarar da ita tana tankaɗe a tsakar gida, na zauna a kan turmi na gaya mata. Ta ajiye rariya.

"Ka gaya wa Yaya?"

"Sai gobe."

"To ka gaya masa yadda ka gaya mini. Kada ka je masa da fuskar malami."

Da fuskar malamin na je. Na ce masa injin ya yi wa wannan aiki ƙarfi, kuma duk abin da muka yi a benaye biyu sai an sake. Ya ɗaga gilashin walda daga fuskarsa ya ce haɗi ɗaya ne ya ba da, in je in gyara shi. Na ce in ɗaya ya ba da, ɗari suna jira. Muka yi ta yi har ya gaji.

"Ɗanjuma, ka gwada duk dabarar da ka sani daga waje," ya ce. "Amma cikin Bajimi kada ka taɓa. Na ba mutumin nan baki cewa kafin ƙarshen wata zai karɓi benayensa."

Na gwada. Na naɗe doguwar wayar ƙarfe a jikin bulo, na sa wutar ta bi ta cikinta kafin ta kai ga tsinke. Ƙarfin ya ragu, amma wayar ta yi ja zur, zafi ya cika rumfa, kafin azahar ta tsinke. Na cika durom da ruwan gishiri na tsoma faranti biyu na ƙarfe, wutar ta ratsa ruwan. Wannan ya yi kamar zai yi, sai dai ruwan ya riƙa tafasa, ƙarfin yana sauyawa a hannunka kana tsakiyar haɗi, ga wani wari mai shaƙe maƙogwaro. Ranar da Yaya ya taɓa gefen durom ɗin ya fizge shi har ya zauna a ƙasa, ya tashi ya kifar da shi da ƙafa.

Daga nan na tafi yadin da Yaya ya yi koyo, na roƙi wani dattijo mai gyaran injinansu ya bar ni in leƙa cikin injin kamfani. Ya cire murfin ya koma gefe yana cin goro. Na durƙusa na daɗe ina kallo. Naɗin biyu ba a ɗora su a kan juna ba, kowanne yana gefensa, da rata a tsakani. A cikin ratar akwai wani dunƙulen falle-fallen ƙarfe da ke shiga yana fita idan an murɗa wata ƙafa mai kama da ta keke a waje. Dattijon ya ce idan dunƙulen ya shige, sai ya janye wani kaso na ƙarfin da ke tsallakawa daga naɗi na farko zuwa na biyu, ya mayar da shi baya, kamar yadda manomi ke fasa kunya ya karkatar da ruwa. Idan ya fito, ƙarfin ya wuce duka. Tsinke zai kama da sauƙi kamar kullum, amma wutar da ke bin sa ba za ta wuce iyakar da ka sa mata ba. Babu zafi, babu tafasa. A kan keke ina komawa Wuse ban ga titi ba, wannan dunƙule nake gani yana shiga yana fita a hankali. Har a cikin barci na riƙa ganinsa.

Amma kafin a yi wa Bajimi haka sai an kwance shi gaba ɗaya, an warware naɗin, an raba su, an sake. Mako biyu ko fiye. Na gaya wa Yaya, ya ce bayan an miƙa benaye. Na ce bayan an miƙa benaye yara sun cika barandu. Ya ce ya gama magana.

Kwana biyu bayan haka aka aiko daga Jiwa cewa Baba na neman hannu wajen haƙar doya. Yaya ya tafi, ya ce kwana uku zai yi. Ko ƙurar motar da ya shiga ba ta kwanta ba na ɗora Bajimi a amalanke na turo shi gida.

Ladi ta fito ta gan shi a tsakar gida.

"Wannan injin naku ne ku biyu," ta ce.

"Na sani."

"Jiwa ba Makka ba ce. Ka bi shi, ku zauna gaban Baba."

Na ce babu lokaci, na ɗauki sifana. Ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa don kada falle-fallen su taɓa ƙasa. Waɗannan kwanaki uku har yau ina tuna su kamar abin da na gani ta cikin ruwa. Na zare falle-fallen ɗaya bayan ɗaya na jera. Na warware kakkaurar wayar, muka ja ta daga gindin mangwaro zuwa katanga, mu dawo, mu koma, har tsakar gidan ya cika da layukan jan ƙarfe suna ƙyalli a rana, kaji suna bi ta ƙarƙashi. Ladi na zaune da cikinta tana riƙe da bakin wayar tana ƙirga mini zagaye da harshen garinsu. Ƙamshin tsohon banish da aka shafe wayar da shi ya kama tufafinmu da tuwonmu. Ban ji tsoro ba sam. Daɗi nake ji, kuma wannan daɗin shi ne abin da na fi jin kunyarsa yau.

Yaya ya dawo ranar da ya ce. Ya je rumfa bai ga injin ba, ya zo gida da buhun doya a kafaɗa. Ya tsaya a ƙofa yana kallon tabarmar. Na shirya wa faɗa, amma bai ɗaga murya ba. Ya sauke buhun a hankali ya jingine shi da bango.

"Da ka jira ni, Ɗanjuma."

"Yaya, da na jira ka da ka hana."

"Da na hana. Sai mu je gaban Baba ya raba mu, wanda ya faɗi ya haƙura. Ni na ɗauko ƙarfen nan a kaina. Yau ka mai da ni baƙo a rumfata."

Ladi ta kawo masa ruwa, ya karɓa ya sha, ya yi mata godiya, ya fita.

Ɗan kwangilar bai jira ba. Ya karɓe sauran aikin ya ba wasu, kuma a gaban mutanen layi ya gaya wa Yaya maganganun da ba zan rubuta ba. Yaya ne ya ba da baki, don haka shi ya sha kunyar, ni ina gida ina naɗin waya. Bayan mako guda ya ɗauki gilashinsa da gudumarsa da iyalinsa ya koma Uke, bakin hanya, inda ya riƙa yi wa manyan motoci walda da injin wani. Na aika masa cewa ya zo mu yi magana a kan Bajimi. Ya aiko cewa in riƙe, tunda na nuna ni kaɗai ke da shi.

Sai da na yi kwana goma sha tara kafin na gama. Gwajin farko dunƙulen ya riƙa karkarwa yana ƙara kamar zai tarwatse, sai da na yi masa hanya da katakon maɗaci na matse shi. Ƙafar murɗawa kuwa daga tsohon keken ɗinki na ciro ta. Na tura dunƙulen ciki, na ɗauki guntun wannan bututu mara kauri, na taɓa. Maimakon gurnani sai na ji wani sauti siriri, kamar ana suyar ƙosai a gidan maƙwabta. Ƙarfen ya narke ya kwanta a inda nake so, bai huje ba. Na buge ɓawon da waldar ta bari, na ga haɗin a jere kamar kitso. Na ɗaga kai don in nuna wa wani, babu kowa a rumfar.

Na tura injin a amalanke zuwa benayen nan biyu. Na kankare fila, na sake kowane haɗi, baranda bayan baranda, kuma na sami waɗanda suka karɓi sauran aikin na nuna musu abin da na gani a barandar Madam Rahila. Babu wanda ya sa ni, babu wanda ya biya ni. Madam Rahila ta ciro makullin daga jakarta ranar da na gama nata, ta sa na hau shingen da ƙafafuna biyu a gabanta kafin ta bar yarinyar ta fito. A gida kuwa miyarmu ba ta ga nama ba har aka haife ki, Asabe, kuma ko sau ɗaya Ladi ba ta ce ai ta gaya mini ba.

Ban taɓa nadamar rage wa Bajimi ƙarfi ba. Abin da nake nadama shi ne hanyar da na bi. Tafiyar rabin yini ce zuwa Jiwa. Ina kyautata zaton da Baba ya ji zancen yarinyar nan da ni zai ba gaskiya, Yaya kuma ba ya tsallake maganar Baba. Sai dai ina son in ga wannan dunƙule yana shiga yana fita da hannuna, kuma ba na son kowa ya tsaya tsakanina da shi. Daga baya aiki ya yi ta zuwa, domin ni kaɗai ne a layin ke iya haɗa ƙarfe mara kauri. Idan aka tambaye ni ina Bawa, sai in ce ya tafi Uke, in yi ajiyar zuciya, in bar mai tambaya ya ƙarasa da kansa. Haka labarin da kuka ji ya samo asali. Ko a jana'izar Baba gaisawa kawai muka yi.

Bayan shekara goma sha ɗaya, wata Laraba da hantsi, ina sunkuye sai na ga inuwa a bakin rumfa. Yaya ne, ya rame, furfura ta cika masa gemu. Ya zauna a benci, muka gaisa, ya tambayi yara, na tambayi yara. Can ya tashi ya je wajen injin, ya murɗa ƙafar ciki, ya murɗa ta waje, yana saurare. Ya miƙo hannu na ba shi gilashi da tsinke. Ya haɗa wasu guntaye biyu na langa-langa, ya buge ɓawon, ya kai haɗin kusa da idonsa ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ajiye ya tambaye ni ko an yi ruwa a Jiwa.

Na kai shi gida Ladi ta yi masa tuwon dawa da miyar kuka. Da la'asar na raka shi tashar Wuse. Tun daga gida maganar tana bakina, kalma uku ce kawai, Yaya ka yafe. Na ce sai mun wuce kasuwa. Muka wuce kasuwa na ce sai mun isa tasha. Muka isa, mota saura mutum ɗaya, yaran tasha suka ja shi ciki. Ya leƙo ta taga.

"Ka ce wa Ladi hannunta bai canza ba," ya ce. "Ka koma, ai ka bar rumfa a buɗe."

Motar ta tashi. Da damina ta zagayo aka aiko daga Uke cewa ya rasu.

Wannan shi ne abin da ya faru. Babanku Bawa bai gudu ba, ni na bi ta bayansa. 'Ya'yansa suna nan a Uke, biyu a Mararaba, kun san gidajensu. Ku za ku fara zuwa, kada ku jira su zo. Idan kun je ku tafi da wannan takarda, ku karanta musu da bakinku.